Mintunan Farko na Fim: Yadda Ake Kafa Wuri, Hali da Yanayi Kafin Labari Ya Kankama

Duk wanda ya taso a gidan da ake yin tatsuniya da dare ya san cewa ba a faɗa wa labari kai tsaye. Mai bayarwa za ta ce "ga ta nan, ga ta nanku", yara su amsa da "ta zo mu ji ta", kuma daga nan an ƙulla yarjejeniya: an yarda Gizo zai yi magana, an yarda Ƙoƙi za ta yi masa faɗa, ba kuma wanda zai tsaya gardamar cewa kura ba ta zuwa kasuwa. Jimlar da ke biyo baya, wadda galibi takan fara da "wani sarki ne" ko "wata yarinya ce", ita ke sanar da yara garin da za a shiga, da wanda za a bi, da kuma ko abin dariya ke tafe ko na tsoro. Fim ma yana da irin wannan ƙofa, sai dai mai ba da umarni ba shi da bakin da zai ce "ga ta nan". Abin da ke hannunsa shi ne hoto, da haske, da sauti, da kuma tsawon lokacin da ya ga dama ya bar kowane hoto a kan allo kafin ya yanke zuwa na gaba.

Masu koyar da harkar fim sukan kasa aikin mabuɗi gida uku: ya nuna wuri da zamani, ya gabatar da mutanen da za a bi tare da halayensu, sannan ya shimfiɗa yanayin da ake so zuciyar mai kallo ta shiga. Wannan rabo yana da amfani a cikin aji, amma idan mutum ya zauna ya ƙura wa mabuɗan da suka yi fice ido, zai tarar cewa da wuya a raba ukun nan, domin aiki guda ne ke ɗauke da su gaba ɗaya. Fim ɗin da ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya fara da hoton gari, ya zo ya sa wani ya karanto mana halin jarumi, sannan ya saki kiɗan tausayi don mu san cewa an shiga baƙin ciki, yakan zame wa mai kallo tamkar cike fom a ofis. Komai yana nan, amma ba abin da ya kama shi.

Misalin da ya fi sauƙin warwarewa shi ne The Godfather, wanda Francis Ford Coppola ya ba da umarninsa, ya fito a shekarar 1972. Labarin ya fara ne a birnin New York a shekarar 1945, amma ba a buɗe da dogayen gine-ginen birnin ba, ba a kuma rubuta sunansa a ƙasan allo ba. Allo baƙi ƙirin ake fara gani, sai muryar wani mutum mai karyayyen Turanci irin na baƙin haure tana cewa ya yi imani da Amurka. Daga nan fuskarsa ta bayyana a cikin duhu. Sunansa Bonasera, sana'arsa shirya gawa da jana'iza, kuma yana ba da labarin yadda wasu samari biyu suka lakaɗa wa 'yarsa duka har suka karya mata muƙamuƙi saboda ta ƙi ba su kanta, ya kai ƙara kamar yadda doka ta ce, alƙali ya yanke musu ɗaurin shekara uku na jeka-ka-gyara-halinka, suka fita daga kotu a ranar suna yi masa murmushi. Yana cikin wannan magana kyamara tana ja da baya sannu a hankali, a hankalin da mai kallo ba ya ma lura da farko, har sai an ga ƙeyar wani mutum da hannunsa a gefen allo. Shi ne ake kawo wa kukan.

A lura da abin da aka samu kafin a cika minti uku. Wurin da aka kafa ya wuce sunan gari a taswira, domin an nuna mana tsarin zaman mutanensa: ƙasa ce mai kotu da 'yan sanda, amma akwai waɗanda kotun ba ta share musu hawaye, don haka suna da wani zaure na daban da suke kai ƙorafi. Bahaushen da ya taɓa ganin yadda ake layi da sassafe a ƙofar gidan wani mai faɗa a ji, kowa da buƙatarsa a baki, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan wannan ɗaki. Shi kuwa mai gidan, Vito Corleone, wanda Marlon Brando ya fito a matsayinsa, mun ga ikonsa kafin mu ga fuskarsa, saboda an sa mu zauna a bayansa muna kallon yadda babban mutum ke zubar da hawaye a gabansa. Da aka juyo da kyamara gare shi, sai ga dattijo cikin kwat ɗin biki yana shafa kyanwa a cinyarsa, yana magana ƙasa-ƙasa. An ruwaito cewa kyanwar ba ta cikin rubutun fim ɗin, Coppola ne ya tsince ta tana yawo a harabar kamfanin ya ɗora wa Brando, amma ta yi aikin da shafi guda na magana ba zai yi ba: hannun da ke lallashin dabba shi ne hannun da zai ba da izinin a karya ƙasusuwan mutane.

Abin da ya fi bayyana halin Vito shi ne abin da ya ɓata masa rai. Bonasera ya nemi a kashe samarin, ya kuma tambayi nawa zai biya, sai dattijon ya nuna cewa maganar kuɗin ita ce cin fuska. Kukansa shi ne mutumin nan ya daɗe yana gudun zumunci da shi, bai taɓa gayyatarsa gida shan kofi ba, sai yau da ta ƙure masa. Bai amince zai yi wani abu ba sai da Bonasera ya sunkuya ya sumbaci hannunsa, sannan ya gaya masa cewa wata rana, wataƙila ma ranar ba za ta zo ba, zai nemi ya yi masa wani aiki. Da wannan aka gama koya wa mai kallo dokar duniyar fim ɗin: a nan bashin alheri ya fi bashin kuɗi nauyi, kuma ba a yafe shi. Mai ɗaukar hoto, Gordon Willis, ya sauko da hasken daga sama ta yadda idanun Brando sukan faɗa cikin inuwa, ga tagogi an rufe da labulen katako, komai launin ƙasa-ƙasa da baƙi. Ana fita daga ɗakin kuma sai rana tarwai, da kiɗa, da rawa, da yara suna guje-guje, domin ranar auren 'yarsa ce. Fim ɗin ya yi ta kai da komo tsakanin duhun ciki da hasken waje, kuma wannan kai da komon shi ne jigon labarin baki ɗaya. A cikin taron ne ɗansa Michael ya iso sanye da kakin soja tare da budurwarsa, suka zauna a gefe, kaya da mazauni duk suna cewa shi ba ya cikin harkar gidan. Wanda ya kalli fim ɗin har ƙarshe ya san inda wannan zama na gefe ya ƙare.

Akwai wata hanyar gabatar da mutum wadda masu kallo a ƙasar Hausa suka sani sarai ko da ba su sa mata suna ba, wato a jera mutum biyu kusa da juna a bar bambancinsu ya yi magana. Fim ɗin Lion of the Desert, wanda mutanenmu suka fi sani da fim ɗin Umar Mukhtar, na Moustapha Akkad ɗan asalin Halab ta Siriya, ya buɗe da tsofaffin hotuna marasa launi na mamayar da Italiya ta yi wa Libiya tun daga 1911. Waɗannan hotuna suna gaya wa mai kallo cewa abin da zai gani ya faru da gaske, don haka ya gyara zama. Daga nan aka kai mu Rum a shekarar 1929, cikin wani makeken ofis, inda Mussolini ke ta hargagi a kan cewa tsirarun makiyaya sun hana daularsa sakat shekara da shekaru, yana kuma ɗora wa Janar Graziani aikin murƙushe su. A bakin maƙiyansa muka fara jin sunan Umar Mukhtar, muka kuma ji cewa malamin makaranta ne kuma tsoho. Sa'ad da aka nuna shi, Anthony Quinn ne da farin gemu da ɗan tabarau, zaune a ƙasa cikin yara yana yi musu bayanin ayoyin farkon Suratur Rahman da ke maganar ma'auni.

Ba a sa kowa ya tsaya ya ce wannan azzalumi ne, wancan adali ne ba. Girman ɗaki da ƙanƙantar mutanen da ke cikinsa, da ƙarar takalmi a kan daɓe, da tsayuwar soja, su suka yi wa ɓangare guda shaida. Zaman ƙasa da sanyin murya da fuskokin yara suka yi wa ɗaya ɓangaren. Sai kuma tabarau ɗin, wanda a farkon kallo mutum zai ɗauka kayan tsufa ne kawai. A ƙarshen fim ɗin, inda aka nuna ratayewar da Italiyawa suka yi wa Umar Mukhtar a Suluƙ ranar 16 ga Satumba, 1931, tabarau ɗin ya faɗi ƙasa, wani ƙaramin yaro ya ɗauka. Da ba a shuka shi a idon mai kallo tun a zaman karatun farko ba, da ɗaukar da yaron ya yi ba ta sa kowa ƙwalla ba. Wannan na daga cikin manyan ayyukan mabuɗi da ba a cika ambata ba: shi ne rumbun da ƙarshen fim ke zuwa ɗiba.

Fim ɗin Indiya na Sholay, na Ramesh Sippy, wanda ya fito a 1975 kuma ya daɗe yana cika gidajen silima a Kano da Kaduna, ya yi irin wannan ajiya ta wata fuska. Jirgin ƙasa ya tsaya a wata ƙaramar tasha, wani jami'in gidan yari ya sauko, aka hau dawakai aka ratsa ƙasa mai duwatsu da ƙura yayin da sunaye ke wucewa, har aka isa gidan Thakur, wani tsohon jami'in 'yan sanda. Thakur yana tsaye lulluɓe da mayafi, yana neman a kawo masa wasu ɓarayi biyu, kuma ta bakinsa aka fara ba mu labarin jarumtarsu, kamar yadda kirari ke riga mai shi isa fage. Mai kallo yana ganin mayafin, yana ɗaukarsa ado ne na dattako. Sai an yi nisa ƙwarai ake gane cewa hannuwa biyu da aka sare yake rufewa. An nuna mana gaskiya tun a minti na farko, aka kuma tabbatar ba mu gane ta ba, wanda yin hakan ya fi ɓoye ta wuya nesa ba kusa ba.

Idan aka zo batun yanayi kuwa, kunne yakan riga ido. Yawancin masu kallo suna zaton kiɗa ne ke kawo tsoro ko tausayi, amma fim ɗin kaboyi na Sergio Leone, Once Upon a Time in the West, na shekarar 1968, ya nuna cewa rashin kiɗa ma makami ne. Leone yana tare da Ennio Morricone, ɗaya daga cikin fitattun masu tsara kiɗan fim a duniya, amma ya shafe sama da minti goma na farko bai saki kiɗa ba. 'Yan bindiga uku ne suka zo wata tashar jirgin ƙasa a tsakiyar fako, suka kulle tsohon mai kula da ita, suka zauna jira. Injin jan ruwa mai aiki da iska yana ta ƙugi. Na'urar tangaraho tana ta ƙwanƙwasa har ɗayansu ya fizge wayoyinta. Ruwa yana ɗiga daga tanki a kan na biyu, bai matsa ba, sai ya sa hularsa ya bar ruwan ya taru a bakinta, daga baya ya shanye. Ƙuda ya addabi fuskar na farkon, ya yi ta hura masa iska da leɓe, a ƙarshe ya rufe shi a cikin bakin bindigarsa yana sauraren kukansa. Ba abin da ya faru, amma duk wanda ke kallo ya san kisa ake jira, ya kuma san irin mutanen da za su yi shi: masu haƙurin maharba, waɗanda rai bai dame su ba. Sa'ad da jirgi ya zo ya wuce aka ji busar ɗan ƙaramin abin busa na baki daga ɗaya gefen layin dogo, inda Charles Bronson ke tsaye, sautin ya ratsa jiki ne saboda an daɗe ana horar da kunne da shiru.

Wannan shiru yana da rauni guda, shi ne duk wanda ya ga dama zai iya ɓata shi. Na taɓa kallon wani fim ɗin waje da aka fassara da Hausa, mai irin wannan mabuɗi na jira, inda mai fassarar ya ga kamar an bar fili ne ba dalili, sai ya cika shi da barkwanci da kirari, yana gaya mana tun kafin a je ko'ina wane ne bos, wane ne kuma zai mutu. An yi dariya a ɗakin kallon, ba shakka, amma da aka zo wurin harbin ba wanda ya razana, domin an riga an kashe wutar da aka ɗauki minti goma ana hurawa.

Kusa da gida, fim ɗin Timbuktu na Abderrahmane Sissako ɗan Muritaniya, wanda ya fito a 2014 kuma ya ɗauko labarinsa daga mamayar da masu iƙirarin jihadi suka yi wa arewacin Mali a 2012, ya buɗe da barewa tana gudu a cikin rairayi, ba sauti. Can sai ƙarar bindiga, sai ga mota a-kori-kura da baƙar tuta, mutane a bayanta suna harbi, wani yana cewa kada a kashe ta, a gajiyar da ita kawai. Hoto na gaba, sassaƙaƙƙun gumaka da fuskokin katako ne aka jera a kan yashi ana ɓarin wuta a kansu. Ba a ambaci sunan kowa ba tukuna, ba a kuma shiga garin ba, amma an riga an faɗi dabarar mulkin da za a gani: hana kiɗa, hana ƙwallo, tilasta wa mai sayar da kifi sa safar hannu, wato a yi ta bin mutane har su gaji. A ƙarshen fim ɗin yarinya ce ke gudu a kan rairayin nan, kamar yadda barewar ta yi. Ga wanda ya rayu a Borno ko Yobe ko Diffa cikin shekarun nan, wannan mabuɗi ba ya buƙatar fassara ko ta kalma ɗaya.

To, ina finafinanmu suke a cikin wannan lissafi? Kafin a yi hukunci ya kamata a tuna asali. Fim ɗin Hausa na bidiyo, wanda ake ƙirga farkonsa daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a Kano a 1990, ya fito ne daga tsatson ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na daɓe da na rediyo da talabijin, inda baki ne jarin ɗan wasa. A rediyo dole ne wani ya ce "ga Alhaji nan ya dawo daga kasuwa", domin ba mai ganinsa. Wannan gado ya ba mu 'yan wasa masu iya zance da sarrafa harshe, amma ya bar mana ɗabi'ar faɗin abin da ido ya riga ya gani. Abin mamaki shi ne masu kallonmu sun fi haka ƙwarewa tun da daɗewa. Mutanen da suka cika gidajen silima na Plaza da Orion da El Dorado a Kano suna kallon finafinan Indiya, mafi yawansu ba sa jin Indiyanci, amma sukan fito su ba da labarin fim tiryan-tiryan, saboda sun koyi karanta tufafi da kallo da kiɗa da yadda mutum ke shigowa ɗaki. Mai kallon da ya gane mugu daga yadda ya murɗa gashin baki ba ya buƙatar a sa wata ta zauna a falo ta ce wa ƙawarta "kin san dai mijina mugu ne".

Mabuɗin da ya zama ruwan dare a yau, musamman a finafinai masu dogon zango, ya kasu kusan iri biyu. Na farko shi ne hoton sama da ake ɗauka da na'ura mai tashi: gadar sama, dogon bene, jerin motoci, wani lokaci Dutsen Dala, sannan a faɗo cikin wani falo mai manyan kujeru inda mutum biyu ke zaune suna zayyana wa juna abin da dukansu suka riga suka sani. Hoton saman yana da kyau a ido, kuma yana nuna cewa an kashe kuɗi, sai dai abin da yake faɗa bai wuce "nan Kano ne" ba. Wace Kanon? Ta ɗan dako a Kantin Kwari, ko ta matar aure a lungun cikin Badala, ko ta ɗan boko a Nasarawa? Waɗannan duniyoyi ne daban-daban, kuma daga sama duk kamarsu ɗaya. Falon ma sau da yawa na haya ne, ba hoton kowa a bango, ba takalmin yaro a ƙofa, ba abin da ke nuna cewa wani ya taɓa kwana a gidan, don haka ba ya gaya mana komai game da masu shi sai dai cewa suna da hali.

Iri na biyu shi ne a ɗauko wuri mafi zafi daga tsakiyar labari, mari ko saki ko gawa, a buɗe da shi, sannan a rubuta "wata uku baya". Ana yin haka ne don tsoron kada mai kallo a YouTube ya latsa ya wuce, kuma tsoron yana da dalili, domin wanda ke kallo a waya da datar da ya saya da guminsa ba kamar wanda ya sayi tikiti ya zauna a silima ba ne, fita ba ta yi masa wuya. Dabarar kanta ba laifi ba ce, manyan finafinai da yawa sun yi amfani da ita. Inda take cin amanar mai ita shi ne idan an nuna mana mace tana kuka alhali ba mu san ta ba, ba mu san abin da ta rasa ba. Kukan baƙo ba ya taɓa zuciya kamar na wanda aka sani, ko da sanin na minti biyu ne. Bonasera ma kuka ya yi a minti na farko, amma kukan nasa yana ɗauke da labarinsa, da matsayinsa, da matsayin wanda yake yi wa, duk a lokaci guda. Abin da ke riƙe mai kallo shi ne tambayar da aka dasa masa wadda yake jin lallai sai ya ji amsarta, kuma ƙaramin abu yakan dasa ta fiye da ihu.

Bari a gwada da misalin da ba ya buƙatar kuɗi. A ce fim ya buɗe da asuba a lokacin hunturu, allo bai gama washewa ba, ana jin sallamar liman daga masallacin unguwa da kukan zakara can nesa. Wata mata mai kimanin shekara arba'in tana durƙushe a tsakar gida tana hura wuta, hayaƙi yana shiga idonta. Ta buɗe kwano ta auni gari, ta tsaya, ta mayar da kaɗan cikin buhu. Yaro ya fito da allo a hammata ya ce, "Inna, yau Laraba." Ta kwance haɓar zaninta, ta ƙirga abin da ke ciki sau biyu, ta ɗaure, ta ce, "Ka ce wa Malam ya yi haƙuri sai wani satin." Yaron ya fita. Ta ɗago kai ta dubi ɗaya gefen gidan, inda aka yi wa ƙofa sabon fenti aka rataya sabon labule, ga takalmin namiji a ajiye a bakin ƙofar. Ta mayar da kanta ga murhu ta ci gaba da hura wuta.

A cikin abin da bai kai minti biyu ba, an san unguwar masu ƙaramin ƙarfi ce, an san lokacin shekara, an san akwai amarya a gidan, an san kuɗin da ya yi fenti bai kai ga kuɗin laraba ba. An san matar nan mai tattali ce, mai rufa wa gidanta asiri ko a gaban ɗanta, kuma ba mai saurin magana ba ce. Mai kallo Bahaushe zai ƙara gano abin da baƙo ba zai gano ba sai an yi masa bayani: tunda ita ke girki, bisa al'ada a ɗakinta ya kamata takalmin nan ya kwana. An tauye mata haƙƙi ke nan, ta gani, ta kuma yi shiru, kuma tambayar da za ta riƙe mai kallo ita ce har yaushe shirun zai kai.

Abin da ya rage wa mai ba da umarni da mai tace hoto a irin wannan fitowa shi ne shawarar daƙiƙu, kuma a nan ne gwaninta take. Idan aka yanke daga takalmin da wuri, rabin masu kallo ba za su lura da shi ba. Idan aka daɗe a kansa, ko aka matso da kyamara har ya cika allo, aka kuma saki kiɗan tausayi, an mayar da mai kallo yaro, an kuma raina matar, domin ita kallo ɗaya ta yi ta kau da kai. Daidai gwargwado shi ne a bar takalmin a allo tsawon lokacin da idonta ya tsaya a kansa, a ɗauke shi daga inda take durƙushe, da hayaƙin murhu yana gilmawa a tsakani, sannan a dawo kan hannunta tana gyara itace, a bar ƙarar wutar da ta fara kamawa ta zama ita ce kaɗai abin da ake ji har sunan fim ya bayyana.